Zanen Faifai da Tambayar Tauye Mudu

Zanen faifai da'ira ce da ake tsagawa gida-gida domin a nuna yadda abu guda ya kasu, ko kasafin kuɗin gari ne, ko yawan jama'a, ko amfanin gona, ko dukiyar mamaci. Kowane yanki daga tsakiya yake tasowa, faɗinsa kuma gwargwadon kason da yake wakilta. Faransawa sukan kira shi da sunan wani cukunsu mai kewaye, kamambar, kuma ma'aikata da 'yan makarantar boko a Nijar sun san shi da wannan suna. A gari irin Matamaye, hedkwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, ana iya cin karo da shi a rahoton ma'aikatar magajin gari, ko a bangon likita, ko a takardun ƙungiyoyin raya karkara, ko a littafin lissafin 'yan kwaleji. Ganinsa ya zama jiki, shi ya sa ba a cika tsayawa a kan tambayar da ke ƙarƙashinsa ba: idan alƙaluman da ke cikin zane duk gaskiya ne, amma mai kallo ya tashi da fahimtar da ba haka take ba, shin an tauye masa mudu ko ba a tauye ba?

Zanen bai daɗe a duniya ba. William Playfair, mutumin Sikotland, shi ya fara buga shi a 1801, cikin wani littafi na ƙididdigar ƙasashen Turai, inda ya tsaga da'ira gida uku don ya nuna yadda ƙasar daular Turkawa ta Santambul ta faɗa a Asiya da Turai da Afirka. Shi ɗin ne kuma, shekara 15 kafin nan, a 1786, ya fito da zanen sanduna, wanda ake jera layuka masu kauri kafaɗa da kafaɗa, tsawon kowanne gwargwadon adadinsa. Uba ɗaya ya haifi zanukan biyu, kuma har yau masana na gardama a kan wanda ya fi.

A 1984 wasu masana ƙididdiga biyu a Amurka, William Cleveland da Robert McGill, suka gwada mutane domin su gano irin siffar da ido ya fi ƙiyastawa daidai. Abin da ya fito shi ne, ido ya fi ƙwarewa wajen kwatanta abubuwan da suka tashi daga layi ɗaya, sannan tsawo da kusurwa, faɗin fili kuwa yana can ƙasa da su. Zanen faifai a kan kusurwa da faɗi ya dogara, wato a kan abin da ido ya fi rauni a kai. Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta isa misali. Jimillar mutane 17,138,707 ce. Jihar Damagaram na da 3,539,764, Maraɗi 3,402,094, Tawa 3,328,365. In aka zuba jihohi takwas cikin faifai, waɗannan uku kowacce za ta ci kusan kashi 20 cikin 100, kusurwarsu tana tsakanin digiri 70 da 74, ɗaya tana kallon sama, ɗaya gefe, ɗaya ƙasa. Ba mai iya faɗin wacce ta fi ba tare da ya karanta lambar ba. Alhali tsakanin Damagaram da Tawa akwai ratar mutum 211,399, fiye da rabin mutanen gundumar Kance baki ɗaya a wannan ƙidaya. In aka jera su sanduna daga babba zuwa ƙarama, yaro ma zai nuna wadda ta fi tsawo.

Raunin ido ba sabon labari ne ga malaman Musulunci ba. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya keɓe juzu'i na uku na littafinsa na ilmin gani ga kurakuran ido kaɗai, ya nuna cewa gani ya haɗa da hukuncin da zuciya ke yankewa cikin gaggawa, kuma a wurin hukuncin nan ake yawan zamewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da yake ba da labarin shakkar da ta taɓa kama shi, da ido ya fara: inuwa ana ganinta tsaye alhali tana tafiya, tauraro ana ganinsa kamar ƙwandala alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Abin da gwajin 1984 ya ƙara shi ne auna kuskuren da sanin inda ya fi yawa. Da zarar an san inda ido ke tuntuɓe, wanda ya zaɓi ya bi da mai kallo ta nan ya ɗauki wani nauyi.

Bahaushe ya riga ya warware wannan matsala a aikace tun kafin takarda. In an yi watanda, an yanka sa, ba a kewaya naman a tsaga shi daga tsakiya. Kasawa ake yi, kashi-kashi, a jere a kan tabarma ko buhu, kowa ya zagaya ya duba, in wani kashi ya rage a ɗebo daga mai yawa a ƙara. Mai tumatir a kasuwa haka take kasa kayanta, manomi haka yake jera dammunansa kafin ya fitar da na goma. Kalmar da ake cewa kashi kaza cikin ɗari ma daga nan ta fito, daga tsibin da aka ajiye kusa da ɗan'uwansa domin a kwatanta. Zanen sanduna ya fi kusa da wannan al'ada, ko da yake faifai ya fi kama da kayan gida.

A shari'a, maganar awo ba ƙarama ba ce. Akwai sura guda a Alƙur'ani, ta 83, da aka sa wa sunan masu tauye mudu, kuma labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana a kan mudu da sikeli ya ginu. Littattafan hisba sun ɗora wa mai kula da kasuwa duba ma'aunai. Dabarun 'yan awo marasa tsoron Allah sanannu ne a kowace kasuwar hatsi: a bubbuga gindin tiya ya shige ciki, a cika da tsororuwa in ana saye, a shafe in ana sayarwa, a tare baki da hannu ko a janye shi. Abin lura a nan shi ne, mai awon bai faɗi ƙarya da bakinsa ba. Ya ce tiya goma, kuma sau goma ya zuba. Ƙaryar tana jikin kwanon. Haka hadisin tsibin abinci da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibi ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama: mai kayan bai faɗi ƙarya da bakinsa ba, shirin tsibin ne ya yi magana a madadinsa, kuma aka kira abin algus. Daga nan ake fahimtar cewa shari'a tana duban abin da aka sa mutum ya gani, ba lafazi kaɗai ba.

Malaman fiƙihu sun tattauna wani abu makusanci a babin tauriya, wato mutum ya faɗi magana mai fuska biyu, yana nufin ta nesa, mai ji ya ɗauki ta kusa. Sun yi sauƙi a kanta ga wanda yake kauce wa zalunci, sun hana ta inda za a ci haƙƙin wani, kuma a gaban alƙali rantsuwa tana bin nufin mai rantsarwa, ba abin da mai rantsuwa ya ɓoye a ransa ba. Zanen da aka karkatar da shi kamar faranti a kan tebur, yadda manhajojin kwamfuta ke yi da dannawa ɗaya, yankin da ke gaba ya kumbura na baya ya tsuke, tauriya ce ta ido. Lambobin da ke jikinsa daidai suke, kallon kuwa ya karkata. In ma'aikaci ya sa kuɗin da aka kashe wa rijiyoyi a gaba domin ya yi girma, ya tura na tafiye-tafiye baya domin ya ƙanƙance, kuma ya san abin da yake yi, da wuya a raba shi da mai bubbuga gindin tiya. Mafi yawan masu zane ba da wannan niyya suke yi ba. Abin da kwamfuta ta miƙo suke karɓa. Zunubi yana bin niyya, amma a babin dukiya kuskure ba ya kayar da lamuni: wanda ya ɓata kayan wani bisa kure ba shi da laifi, biya kuwa yana kansa. In zane ya sa majalisa ta karkata kuɗi, ko magaji ya yarda da abin da bai kai haƙƙinsa ba, gyara ya wajaba ko da ba wanda ya yi nufin cuta.

Inda iyakar faifai ta fi fitowa fili shi ne rabon gado, wanda a ido shi ne ya fi dacewa da shi, tunda dukiya guda ce ake tsagawa. Farillan da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. A mas'aloli da yawa suna haɗuwa su cika dukiyar, ko su bar saura ga asaba. Amma akwai inda suke zarce ta. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Matar na da sumuni, 'ya'yan sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. In aka mai da su kan 24, matar 3, 'ya'yan 16, uwa 4, uba 4, jimilla 27. Kashi 27 ake nema a cikin abin da 24 ne kawai. Wannan ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, domin an ruwaito cewa Sayyidina Ali yana kan mumbari aka tambaye shi ita, ya amsa nan take cewa sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Hanyar warware ta ita ce auli, wanda aka fara hukunci da shi a zamanin Sayyidina Umar: a ɗaga asalin daga 24 zuwa 27, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. A kan haka mazhabobi huɗu suke, har da ta Imam Malik da ake karantarwa a zaurukan Damagaram ta hanyar Risala da Muhtasar.

A ɗauka mamacin ya bar damin gero 216 a rumbu, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya. Bisa farillan yadda suke, matar za ta nemi 27, 'ya'yan 144, uwa 36, uba 36, wato 243, alhali 216 ke akwai. Bayan auli matar ta sami 24, 'ya'yan 128, uwa 32, uba 32. Kowa ya rasa ɗaya bisa tara na abin da aka ambata masa. Da'ira ba ta iya ɗaukar matakin farko, domin ba ta wuce digiri 360, kuma ba a zana 27 cikin 24 a jikinta. Matakin ƙarshe kaɗai take iya nunawa, sumul, kamar dama can haka rabon yake. Matar da ta ji tun tana yarinya cewa mai 'ya'ya sumuni take ci, in aka nuna mata yanki aka ce nata ke nan, ba za ta ga dalilin da ya sa dami uku suka tafi ba, ba kuma za ta ga cewa surukanta da 'ya'yanta sun yi rashi gwargwadon rabonsu kamar yadda ta yi ba. Irin wannan duhu shi ke haifar da zargin cewa malam ya haɗa baki da dangin miji. In aka ba kowane magaji sanda biyu, ɗaya ta abin da aka ambata masa, ɗaya ta abin da ya samu, ragin zai fito a kan kowa a lokaci ɗaya, hujjar aulin ta bayyana ba tare da dogon bayani ba.

Sandunan na iya ɗaukar saɓanin malamai ma. Abdullahi ɗan Abbas bai yarda da auli ba. A ganinsa ragin ya faɗa kan waɗanda rabonsu kan sauya daga farilla zuwa saura, irin 'ya'ya mata da 'yan'uwa mata. Bisa wannan ra'ayi matar za ta riƙe 27, iyaye 36 kowanne, 'ya'yan su tashi da 117. Ba a aiki da shi a mazhabar Malik, amma ɗalibin da ya ga sanda ta uku kusa da biyun farko zai gane abin da jumhuru suka guje wa: sauke nauyin duka a kan mutum biyu. Faifai uku a jere ba sa ba da wannan, domin ido sai ya yi ta tsalle daga da'ira zuwa da'ira yana neman yankin da ya sauya. Su malaman fara'ili tun da can jadawali suke amfani da shi, sunan magaji a gefe, asalin mas'ala a sama, aulinta kusa da shi, kowane adadi a gidansa.

Zakka na da nata darasi, gajere. Sura ta 9 ta ambaci sinfi takwas na masu karɓa. Wanda ya zana su faifai mai yanki takwas daidai wa daida, don kawai ya yi kyau a allo, ya ɗauki ɓangare a wata mas'ala ba tare da ya sani ba. Imam Shafi'i ne yake ganin a game sinfofin da ke akwai a daidaita tsakaninsu. Imam Malik yana ganin a duba inda buƙata ta fi, ko da sinfi ɗaya ne zai kwashe duka. A ƙasar Malikawa jerin suna takwas ya fi wannan faifai faɗin gaskiya.

Sai maganar gona, wadda ita ce mafi yawan abin da ake gada a karkarar Kance. Yankin na cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki na ƙanƙancewa daga tsara zuwa tsara, kuma ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Akwai jigawa inda ake gero da wake da gyaɗa, akwai fadamun Korama inda ruwa ke kusa, ake rake da kayan garka. Akwai gonar da gawo ya cika, irin wanda manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka yi suna wajen rainonsa, yana ba ƙasa taki yana ba dabba abinci, akwai kuma fako. Faifai yana ɗaukar dukiya kamar tuwo, ko'ina ka yanka ɗaya ne. Fiƙihun Malikiyya bai ɗauke ta haka ba. Ya kasa rabo uku: na karɓa-karɓar amfani, na yardar juna, da na ƙuri'a, kuma bai yarda a jefa ƙuri'a ba sai a kan abu jinsi ɗaya, bayan an daidaita kasonnin da ƙima. Eka ɗaya ta fadama da eka ɗaya ta jigawa faɗinsu ɗaya, kuɗinsu da amfaninsu ba ɗaya ba. Zanen da ya nuna wa 'yan'uwa biyu yanki daidai, alhali ɗaya rake zai sara ɗaya yashi zai shara, lissafinsa na faɗi gaskiya ne, rabonsa kuwa bai yi adalci ba. A nan ko sanduna ba su wadatar sai an faɗi abin da suke aunawa, faɗi ne ko ƙima, kuma gara a nuna duka biyun.

Sanduna ma ana tauye mudu da su, hanyarsu ma ta fi sauƙi. In aka fara ma'aunin daga 3,300,000 maimakon sifiri, sandar Damagaram za ta ninka ta Tawa fiye da sau takwas, alhali ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi 7 cikin 100 ba. Wannan shi ne ainihin tiyar da aka tura gindinta ciki. Faifai kuwa yana da wurin da ya fi kowa. In tambayar ita ce ko abu ya haura rabi, ko ya kai rubu'i, ido yana gane layin da ya raba da'ira biyu da kusurwar da ta yanke rubu'inta nan take, kamar yadda yake karanta agogo. Ian Spence da Stephan Lewandowsky sun nuna a 1991 cewa wajen kwatanta haɗakar yankuna da wata haɗakar, faifai ba ya kasa sanduna. Mace ta rasu ba ɗa ba jika, ta bar miji da ɗan'uwa shaƙiƙi: rabi da rabi, da'ira ta isa. Wasiyya ta wuce sulusi ko ba ta wuce ba: da'ira mai yanki biyu ta isa. Playfair kansa gida uku ya tsaga tasa.

Saboda haka hukuncin yana rataye ne da tambayar da mai kallo ya zo da ita da kuma abin da za a yanke bayan kallon. Inda yankuna biyu ne ko uku, jimillarsu ta cika ɗari cif, kuma abin da ake son sani shi ne matsayin yanki daga dukan abu, faifai shimfiɗaɗɗe mai lamba a jiki ba shi da aibi. Inda yankunan suka yi yawa ko suka kusanci juna, ko ana kwatanta bara da bana, sanduna ne, daga sifiri, a jere daga babba zuwa ƙarama. Inda haƙƙin mutum ke ciki, gado ko diyyar gona ko rabon tallafin hatsi tsakanin garuruwa, jadawalin adadi shi ne asali, a karanta shi da baki a gaban masu haƙƙi da shaidu, domin da yawa daga cikinsu ba sa karanta boko, zane kuma ya biyo baya a matsayin mai taimako. A mas'alar da ta yi auli, faifai ba ya cikin abin da ya kamata a nuna wa magada.